Makon da Zali Ta Ɗauki Tsintsiya

Ni mai gyaran wutar mota ne. Shekara ashirin na yi a bakin Gar ta Parakou, inda jirgin ƙasan Kwatano yake ƙarewa, manyan motoci su kwashi kayan zuwa Yamai da Maraɗi. A duk shekarun nan ban taɓa ɗaura wa mota wani abu ba sai na san aikin da zai yi a cikinta. Halin nan shi ya sa direbobi suke cika rumfata suna cewa, "A kai wa Hashimu, shi ke jin maganar waya." Da a kan motoci kaɗai halin ya tsaya, da ban zauna rubuta wannan ba.

Matata Zali 'yar Djougou ce, garin da tsofaffinmu suke kira Zugu. Shinkafa da wake take sayarwa a ƙofar Gar, kuma in kana neman rumfarta ba sai ka tambaya ba, ka bi murya kawai. Idan tana faɗa da mai gawayi har ma'aikatan jirgi sai sun leƙo ta taga. Ni kaina ban tsira ba. Ba ta taɓa kiran sunana ba, Mai waya take ce mini, ta ce hannuna ya fi gindin tukunyarta baƙi, ni kuma in ce bakinta ya fi hon ɗin tirela ƙara. 'Ya'yanmu biyu, Safiyatu da Zinatu, su yi ta dariya. Haka muka yi shekara goma sha ɗaya.

A farkon daminar 1985 muryar ta fara raguwa. Ba a yi mana mutuwa ba, ba mu yi rigima ba, ciniki bai faɗi ba. Na faɗi haka ne don kowa sai ya tambaya, kamar dole sai an sami wanda za a ɗora wa laifi. Da fari ta riƙa manta gishiri. Sai ta daina fita Gar. Kitsonta ya tsufa ta hana a taɓa. Daga ƙarshe ta koma zama a bakin gado tana kallon bango, in ka ajiye mata abinci da safe, da rana ka tarar ƙuda sun riga ta. Na yi lallashi kwana uku, wanda a wurina dogon haƙuri ne, sannan na koma faɗa. Na zage ta a gaban 'ya'yanta. Ko kai ba ta ɗaga ba, kuma rashin ramuwar nan ya fi komai tsorata ni.

An yi rubutu, an yi hayaƙi. Masu bori kuwa a lokacin sun yi ƙasa da kai, don gwamnatin juyin juya hali ta sa ƙafar wando ɗaya da bokaye, ana kama su ana miƙa wa jandarma. Wadda muka samu da ƙyar ta zo a lulluɓe, ta yi abin da za ta yi a gurguje tana waiwayen ƙofa kada delege, wakilin gwamnati a unguwa, ya ji, ta tafi da baƙin zakara. Zakaran ne kawai ya ga canji.

Wani direba ya ba ni labarin sabon likita a asibitin gari, Dokta Saidu, ɗan Kandi, wanda ya yi karatu a Rasha, wai yana duba ciwon da ba a gani a jiki. Na kai ta. Layi har bakin titi. Da muka shiga na tarar da wani siririn mutum mai tabarau wanda na girme shi nesa ba kusa ba. Ya yi mata tambaya biyu uku cikin Hausarsa ta kasuwa mai gauraye da yaren Dendi, sannan ya ce in ba su wuri. Na fita ina huci. Sun daɗe kafin ya kira ni.

"Kamarad, matarka ba lalaci take yi ba, ba kuma aljani ba ne. Ciwo ne, dépression muke ce masa. Akwai magani." Ya rubuta a takarda. "Kowace yamma za ta sha. Ba za ka ga komai ba sai an yi mako uku, ko huɗu, ko ma shida. Maganin ya zauna a hannunka, kai za ka riƙa ba ta. Bayan kwana goma ka dawo mini da ita."

Na ce, "Mako shida? Kinin kwana uku yake korar zazzaɓi. Wane irin magani ne wannan? Mi yake yi a ciki?"

Ya dubi layin da ke waje, ya dubi hannuwana. "Aikin mi kake?"

"Wutar mota."

Sai ya juya takardar ya fara zane a bayanta. "Bon. Ƙwaƙwalwa ƙananan ɗakuna ce, miliyan bisa miliyan, ido ba ya ganinsu. Kowane yana aika wa maƙwabcinsa saƙo. In wuta ta iso bakin ɗaki sai wasu 'yan ƙofofi su buɗe, wani gishiri ya shiga, kalsiyom, irin wanda ke cikin ƙashi. Shigarsa ita ke sa ɗakin ya saki saƙo. A wurin matarka saƙon yana tafiya da rauni. Maganin yana sa saƙon ya daɗe tsakanin ɗaki da ɗaki, sannu sannu ɗakunan su sake yadda suke amsawa, har da yadda ƙofofin nan suke buɗewa da rufewa. Shi ya sa yake cin lokaci. Mu kanmu ba mu gama gane shi ba."

Na gyaɗa kai kamar wanda ya sauke karatu. Cikin duk bayanin nan abu ɗaya na ɗauka na sa a aljihu: ba kalsiyom, ba wuta. Maganarsa ta ƙarshe kuwa, wai su ma ba su gama ganewa ba, na ɗauke ta raunin yaran zamani ne.

A lokacin magani in ya zo farmasi yau, gobe ka koma ka tarar da kanta wayam, sai jirgi ya sake kawowa, Allah kaɗai ya san ranar. Don haka da na same shi na bi farmasi biyu da takardar na kwashi na wata uku, na juye a gwangwanin madara. Ina ganin na yi dabara.

Kwana biyu bayan haka yayan Zali, Tahiru, ya zo daga Djougou da saƙon mahaifiyarsu, Inna Rakiya. Ciwo irin wannan sai ɗakin uwa, a kawo ta gida jinya. Ba a musu da wannan. Na kai yaran wurin ƙanwata, na raka Zali har Djougou, na damƙa wa Tahiru gwangwanin na ce ya ba Inna, ita za ta riƙa bayarwa. Ni ba na iya magana da Inna ido da ido, surukata ce. A zaure nake durƙusawa in gaishe ta kaina a ƙasa, ta amsa daga bayan zana, duk abin da ya wuce gaisuwa sai ta bakin Tahiru. Maganar komawa wurin likita bayan kwana goma kuwa, na dubi nisan hanya da halin da damina ta sa ta, na ce ai magani yana nan, mene ne na jigilar marar lafiya.

Kowace Lahadi nakan bi motar kaya in je. Lahadin farko ba canji. Lahadi na biyu abin ya ƙara muni a idona. Bakinta ya bushe har leɓe ya tsage, in ta miƙe jiri ya kwashe ta, tana zaune tana gyangyaɗi. Tahiru ya ja ni gefe ya ce Inna ta ce a gaya mini, maganin Nasaran nan ƙarasa mata 'ya zai yi.

A kan dakalin ƙofar gida na zauna ina tunani irin na sana'ata. Mota in ta ƙi tashi, batir ake fara dubawa. In ruwansa ya yi ƙasa, ba ka zama jiran mako shida, ƙara masa kake yi. Likita da bakinsa ya ce kalsiyom ke tayar da wuta. To wa bai san allurar kalsiyom ba? Duk direban da ya dawo daga Agadas a gajiye ita yake nema. Manoma in sun sayar da auduga ita suke fara yi kafin su sayi keke. Na yi mamakin yadda mutum zai je har Rasha ya dawo bai hango abin da ke gaban hancinsa ba. An ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa a ranar ji nake rawani aka naɗa mini.

Akwai wani Malam Ibrahimu a bayan kasuwa, tsohon ma'aikacin jinya na soja, yana allura a gida. Tahiru ya kira shi. Ya dafa sirinjinsa na gilashi a ƙaramar tukunya, ya fasa kan kwalbar, ya ɗaure mata hannu da roba ya nemi jijiya. Aka fito da Zali zaure don in gani. Yana turawa a hankali sai na ga ta ja numfashi, gumi ya tsatso mata a goshi.

Ta ce, "Zafi. Har cikin kaina."

Kwana tara ke nan ba wanda ya ji ta haɗa kalma huɗu. Malam Ibrahimu ya ce haka take, duk wanda aka yi wa sai ya ji ɗumin nan, amma ni ban saurare shi ba. A wurina wuta ce ta kama. Na ce a riƙa yi mata duk bayan kwana uku har sau biyar, ƙwayar ma a ci gaba da ba ta tun da an riga an saya.

Lahadi na uku ina sauka daga mota na doshi gidan, tun daga lungu na ji ƙarar tsintsiya. Na san sharar Inna, a hankali take yi tana hutawa. Wannan kuwa shara ce ta mai gaggawa, tana bin kusurwa kusurwa. Na leƙa ta ƙofar zaure sai na ga Zali duƙe a tsakar gida, an yi mata sabon kitso. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Ita ta kawo mini abinci da kanta, shinkafa da wake, gishiri daidai. Ta zauna nesa kaɗan tana kallona ina ci.

Ta ce, "Mai waya, ka yafe mini duk abin da na yi maka."

"Haba Zali, mi kika yi mini? Ni ne ma zan ce ki yafe."

"Na yafe tun tuni. Kai dai ka ce ka yafe."

Na ce na yafe. Tahiru ya ce ai tun shekaranjiya take zaga gidajen dangi tana neman gafara, kowa yana sa mata albarka, ana cewa ciwo ya ƙara mata tsoron Allah. Ta shiga ta fito da ƙunshi. Zannuwanta ne masu kyau, da 'yan kunnen zinariya da ta gada wurin kakarta. Ta ce zannuwan a ajiye wa yaran, 'yan kunnen na babbar ne, amma kada a ba ta sai ta yi hankali. Ta ce ƙaramar ba ta son a tashe ta da tsawa, a riƙa shafa mata baya.

Na ce, "Ai ke za ki zo ki yi duk wannan."

Ta ɗaure ƙunshin ta turo mini. Ta ce Inna idonta ya yi rauni, jiya da ƙyar ta ciro ƙwayar, gara a ba ta gwangwanin ta riƙa sha da kanta. Kuma ranar Talata Inna za ta je suna a ƙauyen Pélébina, za ta kwana biyu, ta so ta fasa amma ita Zali ta ce ta tafi, ai ta warke. Na ce wa Tahiru ya gaya wa Inna a ba ta maganinta, mutum mai hankali ba a riƙe masa abinsa. Na lura duk zaman nan ba ta yi murmushi ko sau ɗaya ba. Na lura sarai. Na ce a raina dariya ma za ta zo, allura biyu suka rage.

Ranar Talata da safe na sa riga mai kyau na tafi asibiti. Ba don komai ba sai don in ga fuskar ɗan Rasha in na gaya masa. Na bi layi har hantsi ya ɗaga.

"Ina matar? Kwana goma na ce."

"Tana Djougou gidansu, Dokta. Ta tashi! Tana shara, tana girki. Kuma in gaya maka gaskiya ba ƙwayarka kaɗai ba ce. Na ƙara mata kalsiyom ta allura."

Ya cire tabarau. "Wa ya ce ka yi?"

"Kai ka zana mini."

"Ban ce ya ƙare mata ba! Jikinta cike yake da shi, ƙashinta kaɗai ya ishi gari. Maganar ƙofofi na yi maka, ba maganar yawa ba. Wanda kake ɗura mata a jijiya fitsari yake zama, in bai taɓa mata bugun zuciya ba. A daina yau." Ya ja numfashi. "Attends, dakata. Ka ce ta tashi. Tana dariya?"

"Ba ta fara ba tukuna."

"Ta yi maganar komawa ciniki? Ta ce a kawo mata yara ta gani?"

Na yi tunani. "A'a. Amma ta zaga dangi duka tana neman gafara. Har ta ba ni zannuwanta da zinariyarta in ajiye wa yara."

Ya miƙe tsaye har kujerar ta faɗi. "Maganin yana hannun wa?"

"Hannunta."

"Na kwana nawa?"

"Na wata uku na saya."

"Wa ke tare da ita yanzu?"

Sai a lokacin na tuna yau ce Talatar sunan. Na ce uwarta ta tafi suna yau, yayanta yana shagonsa a kasuwa sai magariba.

Ya zagayo teburin ya kama kafaɗata. "Kamarad, saurara da kyau. Sau da yawa jiki ke fara tashi kafin zuciya. Ƙarfi ya dawo, baƙin cikin yana nan inda yake. Ran da na fitar da kai ta gaya mini tana fatan mutuwa, sai dai ko hannu ba ta iya ɗagawa. Ta roƙe ni kada in faɗa maka. Shi ya sa na ce ka riƙe maganin, shi ya sa na ce kwana goma. Ya kamata in faɗa maka ƙarara tun ranar, laifina ne wannan. Yanzu tana iya ɗaga hannun. Wannan neman gafarar ban kwana ne."

Ya ɗauki tarho ya yi ta juyawa yana neman asibitin Djougou. Layin ya mutu, ruwan jiya ya kayar da sanduna. Ya rubuta mini takarda ya buga hatimi saboda shingayen hanya, ya ce in tafi yanzu, in karɓe maganin, kada a bar ta ita kaɗai ko na minti ɗaya, gobe in kawo ta ko a ɗaure.

Ban san yadda na isa Gar ba. Motocin fasinja sai sun cika suke tashi, kuma ba wadda ta kusa. Sai na ga Sabi'u, wani direba Bakano da na sha gyara wa mota, ya ɗauki siminti zai bi ta Djougou. Na kama ƙofar na haye ban ko gaishe shi ba.

"Oga Hashimu, lafiya?"

"Ba lafiya. Taka mota."

Ya dubi fuskata ya tayar da mota. Amma mota mai siminti a jar hanya cikin damina ba ta san gaggawa ba. Muna faɗawa rami muna fita, laka tana fallatsa har gilashi. Ni kuwa ina zaune ina jin kowace maganar ranar Lahadi tana dawo mini ɗaya bayan ɗaya. A riƙa shafa mata baya. Kada a ba ta sai ta yi hankali. Mace ta zauna a gabana tana wasiyya, ni ina loma ina yaba gishiri. Ban taɓa ƙin wani mutum kamar yadda na ƙi kaina a cikin motar nan ba.

A gadar Bétérou 'yan sintirin juyin juya hali sun gindaya itace. Ɗaya ya leƙo ya ce, "Prêts pour la révolution?" Wato ko mun shirya wa juyin juya hali. Sabi'u ya amsa masa kirarin kamar yadda aka saba. Suka ce a buɗe tamfol su ga kaya. Na miƙa takardar likita, wanda ya karɓa ya riƙe ta a juye yana nazari. A wata rana da na ci masa mutunci an kulle ni. Ranar nan sauka na yi na durƙusa a cikin laka na ce matata ce za ta mutu. Babbansu ya dube ni, ya sa ƙafa ya ture itacen.

Mun wuce Sérou rana ta karkata, mun shiga Djougou ana fitowa daga sallar la'asar. Na diro tun motar ba ta tsaya ba, na ruga.

Ƙofar zaure a buɗe. Tsakar gida an share ta tas, an wanke kwanoni an kife. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa wuce zauren nan ba. Na wuce da takalmina, ba sallama, na ɗaga labulen ɗakin Inna.

Tana zaune a kan tabarmar salla. Ta yi wanka, ta ɗaura zanen da take zuwa Idi da shi. Gwangwanin yana kan cinyarta, kofin ruwa a gefe. Ta ɗago ta dube ni ba mamaki, ba murna.

"Mi ya kawo ka ranar Talata?"

A hanya na shirya maganganu masu laushi. Duk suka gudu. Abin da Musulmi ba ya furtawa shi na furta.

"Zali, kashe kanki za ki yi?"

"I."

Haka ta faɗa, kamar na tambaye ta ko shinkafa ta nuna.

"Kin sha?"

"Ban sha ba tukuna. Mariyatu maƙwabciya ta zo tun hantsi da tsintar shinkafarta, ta ƙi tafiya. Surutu, surutu. Yanzu ta fita."

Na kai hannu kan gwangwanin. Ta riƙe. Sai da na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, kuma na ji ƙarfin nan da na je asibiti ina alfahari da shi. Na buɗe na duba, yana nan da nauyinsa. Na cusa shi cikin aljihu na dafe da hannu.

"Ba ki tsoron Allah? 'Ya'yanki fa?"

"Don su ne. Su huta, kai ma ka huta. Tsoron Allah shi ya riƙe ni wata huɗu." Ta dubi bango. "Kullum in na buɗe ido da asuba sai in ji kamar an ɗora mini turmi a ƙirji. Kowa na cewa na warke. Na gaji, Mai waya."

Na ce mata likita ya ce haka maganin yake, jiki ya riga ya tashi, zuciya tana tafe. Mako biyu, ko uku. Na ce allurar nan banza ce, haukata ce, an daina.

"In ba ta zo ba fa?"

Na buɗe baki in ce za ta zo. Da jiya ne da na rantse mata. Na ce, "Ban sani ba. Shi ma ya ce ba su gama ganewa ba. In wannan bai yi ba, a sake wani."

Can ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Ka karɓi gwangwani. Rijiya fa? Ita ma a aljihu za ka sa ta?"

Na zauna a bakin ƙofar ɗakin na miƙe ƙafafuna suka tare hanya. Daga nan na ɗaga murya na kira Mariyatu ta kan katanga, na ce ta je kasuwa ta kira Tahiru. Da ya zo na gaya masa komai a gabanta. Ya toshe kunne ya ce a'uzu billahi, kada in sake faɗin wannan magana a gidan ubansa, mi mutane za su ce. Na ce su ce abin da suka ga dama, ya nemo katako da dutse ya rufe rijiyar nan, ya kwashe wuƙaƙe da igiyar guga ya kai shago, ya kuma nemo mana motar asuba. Ya dubi ƙanwarsa yana jiran ta ƙaryata ni. Ba ta ƙaryata ba. Ya fita yana share ido da hular kansa.

Da aka kira magariba na yi salla a nan bakin ƙofa, ina yi ina sauraron motsinta. Na sallame na ciro ƙwayar yamma na miƙa mata da kofin. Ta daɗe tana juya ta a tafin hannu, sannan ta kai baki ta kurɓi ruwa.

Na ce, "Buɗe bakin in gani."

"Ni jaririya ce?"

"Buɗe. Ɗaga harshe."

Ta buɗe, ta ɗaga. Ta haɗiye. Sannan ta zuba mini ido, kuma tun da muka yi aure ban taɓa ganin ƙiyayya irin wannan a fuskarta ba. Na bar ta ta yi ta kallona, ina gode wa Allah da akwai mai kallon.